Yadda Filin Babanmu Ya Riƙa Raguwa Daga Ofis Zuwa Ofis

Mahaifinmu ya shekara 26 yana gyaran injuna a wata masaƙa da ke Sharaɗa kafin a rufe ta, kuma tun ranar da aka sallame su bai sake yarda ya yi aiki a ƙarƙashin kowa ba. Ya buɗe ɗan garejin walda kusa da Ƙofar Ruwa, inda yake ƙera injin surfe da na markaɗe don a samu na cefane, da dare kuma ya zauna a soron gidanmu yana haɗa abubuwan da babu wanda ya sa shi. 'Yan unguwa suna kiransa Injiniya, wasu da girmamawa, wasu kuma da 'yar dariya a ciki. Ni ne ɗansa na fari, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin birni, kuma ni aka ɗora wa ɗaukar takardu lokacin da ya ƙudurta kwashe iyalinsa daga Kano zuwa bakin daji don ya kafa mazaunin kansa. Na rubuta wannan ne domin wanda ke shirin sayen fili a karkara mai nisa, ko don noma ko don zama, ya san ƙofofin da zai bi da wadda ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa, domin mu mun bi su duka, amma daga ta ƙarshe muka faro.

Tun kafin maganar ta fito fili Baba yana da wani littafi mai baƙin bango da ba ya bari kowa ya taɓa. A daren da ya tara mu, bayan sallar isha'i a farkon daminar 2022, ya buɗe shi a kan tabarma muka ga zanen ɗakuna 12 a kewaye, da tanki a kan tudu, da rami mai murfi inda kashin shanu zai ruɓe ya ba da iskar girki, da rumfar ƙira a gefe. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ya sha maimaita ta: mutumin da ke sayen ruwa a jarka, ya sayi wuta a mita, ya sayi gawayi a leda, haya yake yi ko da gidan nasa ne. Ginshiƙin shirin duka wani famfo ne da ya shekara uku yana gwadawa da ruwan tanki a soro, famfon da ba ya shan fetur, ba ya buƙatar lantarki. Ruwa ne ke gangarowa da gudu ta cikin bututu, sai wani bawul ya rufe farat ɗaya, ƙarfin wannan tsayawar ya tura ɗan kaɗan daga cikin ruwan zuwa sama ta wani siririn bututu, sauran ya zube, bawul ɗin ya sake buɗewa, a ci gaba haka dare da rana. Baba bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro shi ba. Yakan ce wani Bafaranshe mai suna Mongolfiye ne ya fito da irinsa a 1796, shi dai ya gano yadda za a haɗa shi da tarkacen Ƙofar Ruwa da tsohuwar tukunyar kashe gobara. Sharaɗin famfon shi ne ruwa mai gudu da ke faɗowa daga bisa, abin da babu shi a Dala ko Gwale, saboda haka idonsa ya koma kudancin jiha, wajen dajin Falgore, inda ƙasa ke da tuddai da duwatsu kuma ruwan sama ya fi na birni yawa. Umma ba ta ce komai ba a daren, illa ta tambaya ko akwai makaranta a wurin. Ya ce za a yi.

A watan Agusta muka yi tafiyar farko, ni da shi da wani dillali da abokinsa na kasuwa ya haɗa su. Mun hau mota a tashar Unguwa Uku da sassafe, muka bi hanyar Zariya zuwa Kwanar Dangora, muka karkata hanyar da ke zuwa Jos, bayan mun sauka kuma muka yi kusan minti 40 a kan babur cikin taɓo. Ba zan ɓoye ba, wurin ya ba ni sha'awa ni ma. Ciyawa ta kai ƙirji, ga ɗorawa da kaɗanya, ga wata ƙorama tana zubowa daga kan wani faffaɗan dutse da tsayinsa ya ɗan fi mutum. Baba bai ko kalli gonar ba. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya tara jarka mai lita 20 a bakin dutsen, ya ba ni agogonsa ya ce in duba. Cikin daƙiƙa kaɗan ta cika ta tumbatsa. Ya maimaita sau uku, ya rubuta a littafinsa, sannan ya juyo ya tambayi mai gonar nawa ne. Mutumin ya nuna iyaka da hannu, daga wancan marke zuwa wancan suri, ya ce hekta 8 ce. Aka daidaita a kan naira miliyan 2, kuma nan take, a tsaye a bakin ruwa, Baba ya zaro naira 200,000 ya ba da kafin alƙalami. Na matsa kusa na ce, “Baba, da kun bari mun bincika tukuna.” Ya ce da ni wanda ya tsaya bincike wani ne ke shan ruwansa.

Mako biyu bayan haka muka koma don rubuta takarda. Matakin farko a karkara shi ne mai unguwa, wanda ya san gonar da masu ita, shi kuma ya raka mu wurin dagaci. Mun isa da hantsi, amma dagacin ya tafi jana'iza, sai bayan la'asar muka gan shi. Ya karɓe mu da mutunci, magatakardansa ya rubuta takardar ciniki da Hausa, aka sa sunan mai sayarwa da ƙanensa, da shaidu biyu ta kowane ɓangare, aka dangwala yatsa, dagaci ya buga hatimi. Mun cika sauran kuɗin, muka ba dillali la'adarsa naira 100,000, muka ajiye goron mai unguwa da na dagaci gwargwadon abin da ya sawwaƙa, wanda babu rasit a kansa kuma babu wanda ya yanka mana adadi. Dagacin ya yi tambaya ɗaya da na tuna daga baya: ya ce wa mai sayarwa, “Duk 'yan gidanku sun sani?” Mutumin ya ce sun sani. Ni da nake riƙe da alƙalami ban tambayi su wane ne 'yan gidan ba, ban kuma nemi ganin takardar rabon gado ba, domin ban san ana nema ba. Na dawo Kano da takarda mai hatimi a aljihu ina ganin an gama.

Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba Baba ya sayar da garejinsa da rabin kayan aikin. Muka yi lodin motar Kanta sau uku daga Ƙofar Ruwa: kwano, bututu, siminti, tankin roba, da injin waldarsa. Ƙannena maza biyu suka tare can tare da shi, ni kuma nakan je ranar Juma'a da yamma in dawo Lahadi. Bai yarda a sayi bulo ba, sai ya ƙera wani abin matse jar ƙasa da hannu wanda ke fitar da tubali mai kusurwa huɗu, kuma gaskiya tubalin ya yi ƙwari, sai dai hannayen ƙannena sun yi kanta har ba sa iya dunƙulewa. Yakan tashe su kafin asuba, yana da jadawalin aiki manne a jikin bishiya, wanda ya gaji kuma yakan ji wa'azi a kan lalacin 'yan birni. A cikin Nuwamba famfon ya tashi. Ina wurin. Ya danna bawul ɗin da ƙafarsa sau biyar ko shida, sai abin ya kama da kansa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana sara itace a hankali, bayan wani ɗan lokaci yaran ƙauyen da suka ruga kan tudu suka fara ihu cewa ruwa ya shigo tanki. Tsofaffi suka zo suna leƙa ƙarƙashinsa suna neman inda aka ɓoye inji. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma a makon ne ya aiko a kawo Umma da 'yan matan.

Kwana goma bayan tarewarsu wani malamin daji ya zo a kan babur, ya zagaya ginin, ya tambayi wanda ya ba mu izinin sare itatuwa da yin gini a cikin gandun gwamnati. Baba ya fito da takardar dagaci. Mutumin ya karanta, ya ce wannan shaidar ciniki ce tsakanin mutum biyu, ba ta da ikon mayar da gandun daji gonar wani. Ya bar mana takardar gargaɗi cewa a dakatar da aiki. A nan ya kamata in yi bayanin abin da ni kaina ban sani ba a lokacin. Falgore keɓaɓɓen daji ne na gwamnati, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma Kogin Kano da ke cika madatsar Tiga ta cikinsa yake bi. An keɓe shi tun zamanin Turawa, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Iyakarsa tana kan taswira, amma a ƙasa ba katanga ba ce. A wurare da yawa manoma sun shekara da shekaru suna ɗan matsawa ciki kunya bayan kunya, har 'ya'yansu su taso suna ganin gonar gado ce. Wanda ya sayar mana ba lallai ne ya yi niyyar cuta ba, abin da ya ga ubansa yana nomawa ya nuna mana.

Na ɗauki hutun kwana biyu na shiga ofishin da ke kula da gandun daji a cikin birni. Ranar farko na zauna a benci daga ƙarfe tara zuwa azahar, aka ce jami'in da ke riƙe da taswira ya fita rangadi. Rana ta biyu na same shi, kuma ya yi mini bayani a natse: ba za su iya cewa komai da kwatancen marke da suri ba, sai na kawo awon safiyo mai lasisi, da lambobin kowace kusurwa, sannan su ɗora a kan tasu taswirar. Na ɗauki safiyo a Kano a kan naira 150,000, ban da kuɗin mota da abincinsa da na yaransa biyu. Ya wuni yana zagaya filin da na'urarsa, ya kafa turakun siminti a kusurwoyi, bayan mako guda ya ba ni taswira. Abin da aka ce hekta 8 ne ya fito 6 da rabi. Na mayar ofishin, na jira mako biyu, aka haɗa ni da ma'aikata biyu muka koma tare, ni na ɗauki nauyin tafiyarsu. Sakamakon shi ne hekta 2 ta ɓangaren kudu tana cikin gandu, kuma a kanta ɗakuna biyu da rumfar ƙira suke. Da na kai wa Baba labari ina fargabar yadda zai ɗauka, bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi ɗakunan ba. Ya ce, “Dutsen fa?” Na ce dutsen yana namu, da tazarar taku kaɗan. Ya ce to alhamdu lillahi, washegari kuma da hannunsa ya fara cire kwanon. Mun biya tarar itatuwan da aka sare, aka ba mu rasit, na adana shi, kuma ya yi mana amfani daga baya.

Ba mu gama kwashe tubalin ba sai ga sammaci daga kotun shari'a. Ashe marigayin da ya bar gonar yana da 'ya mace da ke aure a wani gari, kuma ba a raba gado ba, ba a kuma shaida mata an sayar ba. Wannan ya faɗo a watan Fabrairun 2023, tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 suka zama abin gudu, sababbin kuma ba a ganinsu. Sai in kwana biyu ina bin layin banki da masu POS a Kano kafin in haɗa kuɗin motar zuwa zaman kotu, a ƙauye kuwa babu mai karɓar tiransifa domin ko layin waya sai an hau tudu. Mun yi zama huɗu, an ɗage ɗaya saboda zaɓe. Alƙali ya tambayi Baba ko ya bincika magada kafin ya biya, Baba ya fara bayanin famfo, na taɓa shi na miƙe na ce, “Allah ya gafarta Malam, ba mu bincika ba.” Hukuncin bai da wuyar fahimta: magada uku ne, maza biyu da mace ɗaya, namiji yana da rabon mata biyu, don haka tana da kashi ɗaya cikin biyar, kuma babu mai ikon sayar da rabonta sai da yardarta. Aka ba ta zaɓi, ko ta amince da cinikin ta karɓi kuɗinta a hannun 'yan'uwanta, ko ta riƙe ƙasarta. Ta san kuɗin sun riga sun narke, ta ce ƙasa take so. Baba ya roƙi alfarma ɗaya, a yanka mata ta gefen da ba ruwa, ta yarda. Filin ya koma hekta 3.6. Game da abin da muke bin masu sayarwa na gibin awo da na gandu da na rabon 'yar'uwarsu, an yi sulhu a kan za su riƙa biya da hatsi duk kaka, aka rubuta, alƙali ya sa hannu. Takardar nan ta kotu ita ce ta farko da ta ba mu tsayayyar ƙafa.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi, na nemi wani lauya abokin karatuna ya fahimtar da ni doka. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha duka amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke samu shi ne izinin zama da amfani. A cikin birni gwamna ke ba da wannan izini, a karkara kuwa ƙaramar hukuma tana da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya don noma ko zama, har zuwa hekta 500 ta noma ko 5,000 ta kiwo ba tare da an nemi amincewar gwamna ba. Takardar dagaci tana da muhimmanci domin ita ce shaidar cewa mutanen wurin sun san da cinikin, amma tsani ce kawai zuwa ga wannan.

Da azumi ya kama a ƙarshen Maris na fara bin wannan hanyar. Dagaci ya rubuta wasiƙa zuwa ga hakimi, muka je fada ranar da yake zama, muka tuɓe takalma muka yi gaisuwa. Hakimin ya saurari labarin duka, ya dubi Baba ya ce, “Injiniya, ka zo mana da alheri, amma ka shigo ta taga.” Ya ƙi sa hannu sai an kira ardon Fulanin yankin, kuma da farko na ɗauka jan rai ne. Da ardon ya zo ya nuna cewa gefen gabas na filin burtali ne da shanu ke bi zuwa ruwa tun kakanni, wanda ciyawar damina ta rufe shi ranar da muka fara zuwa, kuma shingen da Baba ya kafa ya toshe shi. Da an bar shi haka, da rigimar da za ta biyo baya ta fi ta kotu muni. Aka ja shingen baya, safiyo ya sake zuwa ya gyara taswira a kan naira 40,000, filin ya tsaya a hekta 3.3. A sakatariyar ƙaramar hukuma na sayi fom a sashen filaye, na haɗa da takardar ciniki, da hukuncin kotu, da wasiƙar hakimi, da taswirar safiyo, da wasiƙar ofishin gandun daji mai tabbatar da cewa abin da ya rage yana wajen iyaka, da rasit ɗin tara, da hotunan Baba huɗu da kwafin katinsa na ɗan ƙasa. An buɗe fayil, aka ce jami'in filaye zai je duba wuri, sannan kwamitin ba da shawara kan rabon filaye ya zauna, sannan shugaba ya sa hannu. Na je sau bakwai. Sau ɗaya an ce fayil ɗin ya ɓata, kuma abin da ya cece ni shi ne ina da lambar fayil a rubuce da kwafin kowace takarda a jaka, aka sake haɗa shi a gabana. Abin da na biya da rasit bai kai naira 60,000 ba, kuɗin mota da ɗawainiyar masu duba wuri sun ninka haka. Takardar ta fito bayan wata huɗu.

Amma kafin ta fito, abin da aka yi duk wannan dominsa ya riga ya yi shiru. Tun Janairu bugun famfon ya fara ja baya, Baba yana ta sassauta bawul yana rage nauyinsa, yana cewa datti ne ya shiga bututu. A ƙarshen Fabrairu ƙoramar ta koma yashi, dutsen ya bushe har ƙadangaru suna shan rana a kansa. Umma ce ta gaya mini, cikin sanyin murya, cewa tun makon da ta tare wata tsohuwa da suke gaisawa ta ce mata ruwan nan ba ya kai bazara, a rani rami suke tona a cikin yashi su kwarfa da ƙwarya. Duk matan ƙauyen sun san haka. Mu da muka yi magana da dillali da mai gona da mai unguwa da dagaci, babu wanda ya tuna ya tambayi masu ɗibar ruwan. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, ta ce ta faɗa wa Malam, ya ce lissafinsa bai nuna haka ba.

Watanni ukun da suka biyo baya su ne mafi tsanani. Ƙannena mata suna tafiyar kusan awa guda da jarka, su da aka fito da su daga birni don kada su sake sayen ruwa. Na kawo maganar rijiyar burtsatse, Baba ya ƙi, ya ce zai haƙa rijiya da kansa a inda ya auna. Sun haƙa gaba shida suka ci karo da dutse, suka koma wani wuri suka sake cin karo da shi. Yawancin ƙasar yankin a kan dutse take zaune, ruwa kuma yana cikin tsagogin dutsen ne da ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa masu aikin burtsatse na ƙwarai ba sa kafa inji sai an fara kawo mai na'urar binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da ƙanwarmu ta ƙarshe ta kwanta da zazzaɓi da gudawa, aka ɗauke ta a babur cikin dare zuwa ɗakin shan magani mafi kusa, Umma ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ɗaure kayanta, ta ce da shi, “Malam, ni ba zan hana ka aikinka ba, amma 'ya'yan nan mata da ni za su koma har sai an samu ruwa da makaranta.” Bai amsa ba, amma da safe shi ya ɗora musu kaya a mota, kuma a makon ya ce in kira mai na'urar. An biya shi naira 70,000, ya nuna wuri can ƙasan gangare, nesa da inda Baba ya zana a littafi. Masu haƙa sun yi mana kuɗi naira miliyan 1.2 a watan Afrilu, muka tsaya haɗa kuɗi, sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, komai ya bi ta. Da muka koma sai miliyan 1.8. Ni da kawunmu muka haɗa, aka samu ruwa, aka sa famfon tuƙa-tuƙa, wanda Baba ya kwana biyu ba ya ko kallonsa.

Mataki na ƙarshe a Kano yake, wato neman takardar mallaka ta gwamna, wadda aka fi sani da si-of-o, domin ita bankuna suka fi karɓa a matsayin jingina kuma ita ta fi ƙarfi idan wata rana aka zo da maganar diyya. Baba ya ce ba ya bukata tunda ba bashi zai ci ba, ni na nace. An nemi takardar ƙaramar hukuma, da taswirar da ofishin safiyo na jiha zai tantance, da shaidar biyan haraji, wadda ta ba mu wahala domin mai garejin walda bai taɓa buɗe fayil ɗin haraji ba, sai da na fara daga nan. Na shigar da komai, an ba ni lambar fayil, kuma duk wata nakan leƙa.

Idan wani ya zo mini yau da irin wannan niyya, zan ce ya fara ganin filin sau biyu kafin ya ba da ko sisi, sau ɗaya a tsakiyar damina, sau ɗaya a watan Maris, ya kuma sa matarsa ko 'yar'uwarsa ta zauna da matan wurin ta tambaye su inda suke samun ruwa a bazara. Ya kai safiyo kafin ciniki, domin naira 150,000 da muka biya a makare da ta hana mu biyan kuɗin hekta 8 a kan abin da bai kai ba, kuma idan wurin yana kusa da kowane daji na gwamnati ya kai taswirar zuwa ofishin gandun daji ya karɓo amsa a rubuce. Ya tambayi yadda mai sayarwa ya samu gonar, in gado ce ya nemi takardar rabo daga kotu, ya ga kowane magaji ido da ido, musamman matan da ke aure a nesa, waɗanda su aka fi mantawa da su. Ya gaida ardo kamar yadda zai gaida dagaci. Kada ya aza tubali ɗaya sai takardar ƙaramar hukuma ta zo hannu, kada kuma ya miƙa asalin kowace takarda ba tare da ya riƙe kwafi ba. Wanda kuma mahaifinsa ne ke jan tafiyar, kamar ni, ya sani cewa musu da shi a kan ko abin zai yiwu ɓata baki ne. Abin da na ga ya yi aiki shi ne in ce masa na ji, amma ya bar mini takardu da ranar biyan kuɗi, shi ya riƙe ƙarfe. Da na nemi wannan tun a bakin ƙoramar nan, ina jin da ya ba ni, domin bai taɓa son zaman benci ba.

Yanzu ɗakuna biyar ne a wurin maimakon 12. Baba da ƙanena ɗaya suna zaune can, Umma da 'yan matan suna Kano sai an yi hutun makaranta su je. Ramin iskar girki yana aiki, da kashin shanun da makiyayan burtalin ke ba shi a madadin gyaran famfunan feshi da babura. Matar da ta kai mu kotu ita ce maƙwabciyarmu, 'ya'yanta a burtsatsenmu suke ɗiba. Famfon Baba yana bugawa daga Yuli zuwa Janairu, ya huta sauran watannin. A zuwana na ƙarshe na tarar ya yanka tsofaffin ganguna biyu gida-gida yana haɗa fanka da iska za ta juya, wai ita za ta riƙa tuƙa famfon burtsatsen a rani, ya kuma ba ni jerin ƙarafan da zan sayo masa a Ƙofar Ruwa. Na karɓa, na tuna masa cewa ina bukatar sabon hotonsa guda biyu domin fayil ɗin jiha, ya ce in ɗauke shi da waya a nan inda yake tsaye.